Fanka, iyakula ko iyakwandishan: wanne ya dace da gidanka kafin bazara ta kama?

Da zarar hazon hunturu ya fara janyewa a ƙarshen Fabrairu, masu sayar da kayan lantarki sukan fito da hajarsu bakin shago. Ga fankoki a jere, ga akwatunan iyakula masu taya, waɗanda ke sanyaya iska da ruwa, ga kwalayen iyakwandishan an jibge su har saman ƙofa. Magidanci zai zo da ɗan abin da ya daɗe yana tarawa ya tambaya: wanne ya fi sanyi? Mai shago zai nuna masa mafi tsada, kuma bai yi masa ƙarya ba. Sai dai amsar da za ta fisshe shi tana rataye ne a kan abubuwa uku da mai shago bai sani ba: irin zafin garinsu, irin wutar unguwarsu, da irin rufin da ke saman kansa.

A fara da zafin, domin ba iri ɗaya ba ne. A Kano, Katsina, Sakkwato, Maiduguri, Maraɗi da Damagaram, daga Maris zuwa farkon Mayu zafi ne busasshe. Rana takan kai digiri 38 zuwa 42, wani lokaci ta wuce, iska kuma babu ɗanshi a cikinta ko kaɗan. A Maris ɗanshin iskar Kano da rana yakan sauka ƙasa da kashi 20 cikin ɗari. Shi ne lokacin da za a shanya wanki ya bushe kafin a gama wanke na biyu, leɓe ya tsage, yaro ya yi haɓo. Daga tsakiyar Mayu, idan iskar kudu ta fara shigowa ana haɗa hadari ba ruwa, sai zafin ya canza hali ya koma na gumi. A Agusta ma'aunin zafi yakan tsaya wajen digiri 30, amma ɗanshi ya haura kashi 70, jiki ya yi ta danƙo. Sannan ga ɗan zafin Oktoba bayan ɗaukewar ruwa, kafin sanyi ya sauko. Duk wanda ya riƙe wannan bambanci na busasshen zafi da zafin gumi ya yi rabin zaɓinsa.

Kuma zafin ƙaruwa yake yi, ba ido ne ke gizo ba. A ƙarshen Maris da farkon Afrilun 2024, ana tsakiyar azumi, wani zafi ya lulluɓe yankin Sahel. Ranar 3 ga Afrilu garin Kayes na ƙasar Mali ya kai digiri 48.5, asibitin Gabriel Touré na Bamako kuma ya ba da rahoton mutuwar mutum 102 a kwana huɗun farko na watan, da yawansu tsofaffi. Masanan da suka bi diddigin lamarin daga baya sun ce zafi irin wannan ba zai yiwu ba in ba don ɗumamar da hayaƙin ɗan Adam ya jawo wa duniya ba. Don haka neman sanyi a gida ya wuce batun jin daɗi. A gidan da akwai tsoho, ko jariri, ko mai hawan jini, magana ce ta rai.

Fanka ita ce ta kowa, kuma ya kamata a san iyakarta. Ba ta rage zafin ɗaki ko da digiri ɗaya. Aikinta ta kaɗa iska a kan fata, zufa ta bushe, jiki ya ji sauƙi. Shi ya sa barinta tana juyawa a ɗakin da babu kowa asarar wuta ce zalla. Fankar sama ta gama-gari tana cin wat 60 zuwa 75. Sababbin fankoki masu caji da waɗanda ake haɗawa kai tsaye da batir ko farantin sola suna cin wat 15 zuwa 35, kuma a ganina su ne mafi amfanin abin da ya shigo gidajen talakawa a 'yan shekarun nan, domin ba su jiran a kawo wuta. A damina da zafin Oktoba, fanka ta wadatar da mafi yawan mutane. Inda take gazawa shi ne tsakar ranar Afrilu a ɗakin kwano. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a dogara da fanka idan zafin wuri ya haura digiri 40, saboda a lokacin iskar da take turowa ta fi jiki zafi, ƙara masa take yi. Tsofaffi, waɗanda jikinsu ba ya fitar da zufa sosai, su suka fi shiga haɗari. Abin da ke taimakawa a irin wannan hali shi ne a jiƙa zane ko tawul a yafa, ko a shafa ruwa a jiki, sannan a zauna gaban fankar.

Wannan dabara ta jiƙa zane ita ce aka mayar inji aka kira iyakula. Akwati ne mai tankin ruwa a ƙasa, ƙaramin famfo yana ɗaga ruwan ya jiƙa wani soso mai ramuka kamar saƙar zuma, fanka kuma tana jawo iskar waje ta cikin soson ta turo ɗaki. Ruwan da ke tashi tururi shi ke kwashe zafin iskar. Hikimar randa ce, wadda ruwanta ke sanyi saboda tsatstsafowar da take yi ta jikin yumɓu, kuma a kanta marigayi Mohammed Bah Abba na Jigawa ya gina tukunyarsa mai ciki biyu ta adana kayan miya, wadda ta ba shi lambar yabo ta Rolex a 2000. Gwargwadon bushewar iska, gwargwadon sanyin da za a samu. A ranar da zafi ya kai digiri 40 kuma iska ta bushe ƙayau, iyakula mai kyau tana iya sauke iskar da take fitarwa da digiri 8 zuwa 12. Wannan ba ƙaramin abu ba ne: bambanci ne tsakanin ɗakin da ba ya zaunuwa da ɗakin da yara za su yi barcin rana. Wutar da take ci kuwa wat 80 zuwa 200 ne ga masu girman gida, wato kamar fankar sama ɗaya zuwa uku.

Abin da ya sa nake fifita ta ga mutanen arewa mai nisa shi ne, lokacin da zafinmu ya fi kisa shi ne daidai lokacin da iskarmu ta fi bushewa. Ba kowace ƙasa ce ta yi wannan dace ba. Mutanen Khartum sun daɗe da gane haka, irin wannan na'ura ta ruwa ce a tagogin gidaje da masallatai da yawa, haka ma a Yamai ta zama ruwan dare. Mu a Najeriya mun fi karkata ga abin da ya dace da Legas, alhali iskar Legas da ta Gusau ba ɗaya ba ce.

Amma tana da sharuɗɗa, kuma rashin sanin su ne ya sa wasu suka saya suka jingine ta a lungu suna cewa ba ta da amfani. Na farko, ba a rufe mata ɗaki. Tana so a ajiye ta bakin taga ko ƙofa tana shaƙo busasshiyar iskar waje, a bar wata tagar a buɗe ta ɗaya gefen iska ta riƙa fita. Wanda ya kulle ƙofa da taga kamar yadda ake yi wa iyakwandishan, cikin ƙanƙanin lokaci ɗakin zai cika da laima, sanyin ya tsaya, bango ya fara wari. Na biyu, tana shan ruwa: lita 3 zuwa 8 a awa gwargwadon girmanta da bushewar ranar, wato jarka ɗaya zuwa uku a dare. A unguwar da ake sayen ruwa wajen 'yan garuwa, kuma bazara ce lokacin da ruwan ya fi tsada, dole a sa wannan a lissafi. Ruwan rijiyar burtsatse mai gishiri yakan daskare a jikin soson, sai an riƙa wankewa ana canza shi. Tankin kuma a zubar da ruwansa a wanke akai-akai, kada ya zama gidan sauro da ƙwayoyin cuta. Na uku, idan damina ta kankama ta zama fanka kawai. A Agusta da ƙyar ta rage digiri 2 ko 3, sai a kashe famfon a bar fankar. Bahaushen da ke zaune a Agege ko Fatakwal, ko Zangon Kumasi da Ankara, kada ma ya fara, iskarsu a jiƙe take shekara zagaye. Mutanen Abuja da kudancin Kaduna suna tsaka-tsaki: za ta yi musu aiki daga Janairu zuwa Maris, daga nan ta ja baya. Ƙananan nan kuwa na kan tebur da ake zuba wa ƙanƙara, ba sa sanyaya ɗaki, fuskar wanda ke gabansu kawai suke shafa.

Iyakwandishan shi kaɗai ne ke cin kowane irin zafi. Yana sauke ɗaki zuwa inda aka so, yana tsotse laima, ga shi ana rufe ɗaki sauro da ƙura su rage. Babu mai musun wannan. Maganar ita ce abin da yake ci, da kuma inda za a samo abin da zai ci.

Mai ƙarfin doki ɗaya yana jan wat 750 zuwa 900, mai doki ɗaya da rabi kuwa sama da 1,000. Mu ɗauka yana cin yunit ɗaya a awa, ana kunna shi awa 8 a dare: yunit 240 ke nan a wata. A Afrilun 2024 hukumar NERC mai kula da wutar lantarki a Najeriya ta ɗaga kuɗin wutar 'yan rukunin A, waɗanda aka yi wa alkawarin awa 20 a rana, daga wajen naira 68 zuwa naira 225 kowane yunit, daga baya ya dawo 209.5 a Yulin shekarar. A wannan farashi, iyakwandishan ɗaya na ɗaki ɗaya zai ci kusan naira 50,000 a wata. Iyakula mai wat 120 a awanni iri ɗaya za ta ci wajen naira 6,000, fankar sama kamar 3,500, fankar batir kuwa ba ta kai 2,000 ba. Wanda ke sauran rukunan yana biyan ƙasa da haka a kowane yunit, amma shi matsalarsa wutar ce ba ta zuwa, in ta zo ma sau da yawa ba ta da ƙarfin tayar da injin sai da sitabilaiza. Kuma a bazara ne, lokacin da kowa ya kunna abin da yake da shi, taransifoma ta fi yawan faɗuwa. Mutanen Nijar sun ɗanɗana wannan fiye da kowa lokacin da aka yanke wutar da Najeriya ke ba su daga Agustan 2023 zuwa Maris na 2024, alhali a lokacin kusan kashi 70 cikin ɗari na wutar ƙasar daga nan take zuwa. Arewacin Najeriya ma ya kwana cikin duhu sama da mako guda a Oktoban 2024 bayan lalacewar manyan layuka.

A nan ne mutum ke juyawa ga janareta, kuma a nan ne lissafin ya fi muni, ga aljihu da kuma ga duniya. Injin da zai ɗauki iyakwandishan mai doki ɗaya da rabi yana shan kusan litar fetur ɗaya a awa. Tun da aka janye tallafi a Mayun 2023 kowa ya san me lita 8 a dare ke nufi. Kowace litar fetur da ta ƙone tana fitar da kilo 2.3 na iskar kabon mai ɗumama duniya, wato kilo 18 a dare, sama da rabin tan a wata. Wannan ya yi kusan daidai da abin da ɗan Najeriya ɗaya ke fitarwa a shekara guda cur, idan aka raba hayaƙin ƙasar kan kowa. Yunit 8 ɗin nan idan daga layin gwamnati suka zo, wanda yawancinsa daga gas ne, saura daga madatsun Kainji, Jebba, Shiroro da Zungeru, kilo 3 zuwa 4 ne kawai. Ban da ƙarar da maƙwabta za su kwana da ita, da hayaƙin inji da ya sha hallaka iyali guda a dare ɗaya idan aka ajiye shi a lungu ko kusa da taga.

Akwai kuma gas ɗin da ke cikin na'urar, wanda ba a cika maganarsa ba. A jikin injin waje akwai takarda da ke faɗin irinsa. Tsofaffin na hannu, 'yan Kwatano, yawanci R22 ne, wanda kilo ɗayansa idan ya tsere yana ɗumama duniya kamar kilo 1,800 na iskar kabon, ga shi yana cin rufin ozon da ke kare mu daga kaifin rana. Ƙasashe irin namu sun amince su daina amfani da shi zuwa 2030. R410A ba ya cin ozon, amma ɗumamarsa ta ɗara kilo 2,000. R32, wanda yawancin sababbi ke zuwa da shi, 675 ne. Iyakwandishan ɗaya yana ɗauke da kusan kilo guda. Abin da nake so kowane mai gida ya sani shi ne, na'urar ba ta shan gas kamar yadda mota ke shan mai. A rufe yake yana zagayawa. Idan duk shekara sai an ƙara maka gas, to akwai inda yake yoyo, kuma aikin mai gyara shi ne ya nemo wurin ya toshe. Haka idan za a tashi daga gida, a sa ya mayar da gas ɗin cikin injin waje kafin ya kwance bututu, kada ya sake shi a iska.

Ba ina ɗora wa magidancin Sakkwato alhakin ɗumamar duniya ba ne. Afirka duka ba ta fitar da kashi 4 cikin ɗari na hayaƙin duniya, kuma babu adalci a ce wa wanda ke kwana cikin digiri 35 ya haƙura saboda ɓarnar da wasu suka yi. Amma hukumar makamashi ta duniya, IEA, ta ƙiyasta a 2018 cewa iyakwandishan da fanka suna cin kusan kashi 10 cikin ɗari na wutar duniya, kuma yawan iyakwandishan zai tashi daga biliyan 1.6 zuwa 5.6 kafin 2050. Yawancin ƙarin daga ƙasashe masu zafi irin namu zai fito. Sa'ar da muka yi ita ce, a wannan batu abin da ya fi sauƙi ga aljihu shi ne kuma ya fi sauƙi ga yanayi, ba sai an zaɓi ɗaya an bar ɗaya ba.

Wanda ya yanke shawarar iyakwandishan, to ya sayi sabo mai inbata, mai R32. Ya fi tsada a shago, amma ba ya fizgar wuta lokacin tashi, kuma idan ɗaki ya yi sanyi sai ya sassauta maimakon ya riƙa mutuwa yana tashi. A sa shi a digiri 26 ko 27 a haɗa da fanka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hakan yana sa a ji kamar an rage digiri 4, kuma yana rage kuɗin wuta ƙwarai. Sa shi a 16 a ja bargo almubazzaranci ne. A riƙa wanke ragar ƙurarsa duk mako biyu, saboda ƙurarmu tana toshe ta da wuri, a kuma yi wa injin waje inuwa ba tare da an tare masa iska ba. A kan sola, da rana yana tafiya lafiya idan faranti sun isa. Dare ne ke da tsada, domin batirin da zai riƙe shi har asuba yakan fi na'urar kanta kuɗi nesa ba kusa ba, alhali iyakula ko fankoki uku batir ɗaya mai kyau ya ishe su.

Duk wannan lissafi yana canzawa idan aka duba sama. Kwanon rufi a rana tsaka yakan kai digiri 60 zuwa 70, kuma ɗakin da babu silin wannan wutar yake sauke wa mutanen ciki kai tsaye. Babu na'urar da za ta yi nasara a kansa cikin sauƙi. Magina na da sun san wannan: katangar tubali mai kauri da rufin soro na azara suna riƙe zafi sai dare su sake shi, shi ya sa ɗakunan Gidan Makama na Kano ke da sanyi da azahar, shi ya sa kuma ake fitowa tsakar gida a kwana. Ba kowa ne zai koma ginin ƙasa ba, amma silin, da 'yan ramukan shan iska tsakaninsa da kwano, da farin fenti a saman kwanon, suna cikin ikon mutane da yawa. A birnin Ahmedabad na Indiya, inda zafi ya yi kama da namu, fentin rufi da fari na cikin shirin hukuma na kare talakawa, kuma yana rage zafin ɗaki da 'yan digirori ba tare da yunit ko ɗaya ba. Ƙara da labule mai kauri ko rumfa a tagar yamma, da bishiyar darbejiya a gefen da rana ke faɗuwa. Idan kuɗin mutum bai isa gyaran rufi da sayen na'ura gaba ɗaya ba, ni rufin zan ce ya fara.

Batun ɗumama ɗaki da hunturu ba ya buƙatar dogon bayani. In ban da Jos da tsaunin Mambila, sanyinmu na 'yan makonni ne a Disamba da Janairu, dare ya sauka digiri 12 zuwa 14. Hita ta lantarki tana cin wat 1,000 zuwa 2,000, ta fi iyakwandishan ci, don haka ba ta da hujja a yawancin gidaje. Kaskon gawayi a ɗaki rufe kuwa haɗari ne tsantsa: yana fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, mutum ya yi barci ya zarce. Kowane kilo na gawayin kuma ya cinye itace kilo 5 ko fiye daga dajin da ya rage mana. A ji ɗumi a waje ko a zaure mai iska, a fitar da kaskon kafin a kwanta. Bargo mai kauri, rigar sanyi, safa da hula ga yara, da toshe kafofin taga sun wadatar.

To wa zai sayi me? Ɗan haya mai ɗaki ɗaya ko biyu a unguwar da wuta ba ta da tabbas, fankar caji mai farantin sola ita ce tasa, tare da gidan sauro don kwanan waje. Abu ne da zai ɗauka ya tashi da shi. Mai gidan kansa daga Zariya zuwa arewa, wanda ruwa bai yi masa wuya ba, ya gyara rufi, ya sa fankoki, ya ƙara iyakula babba guda a falo ko inda iyali suka fi taruwa. Wannan zai ɗauke shi daga Maris zuwa Mayu, fanka ta ƙarasa sauran shekara. Mai wutar rukunin A ko sola mai ƙarfi, da mazaunin kudu mai laima, iyakwandishan mai inbata ya dace da su, amma a ɗaki ɗaya da aka rufe kafofinsa da kyau, ba kowane ɗaki ba. Gidan da ke da tsoho ko majinyaci, ko da kuɗin ya yi nauyi, ya cancanci a haɗa hannu a tsakanin 'ya'ya a tanadar masa wannan ɗaki guda kafin Afrilu, a kuma tabbatar akwai fankar batir a ajiye don ranar da wuta ta ɗauke. Abin da ba zan ba kowa shawararsa ba shi ne tsohon iyakwandishan na hannu mai R22 a kan janareta: arharsa ta ranar saye ce kawai, kuɗin fetur na wata biyu ya isa ya sayi iyakula sabuwa da fanka a kai.